Garin Neman Gira: Rijiyar Gwamnati, Gonar Aro da Hutun Ƙasa a Kurfey

Jawabin da aka gabatar a ƙofar fada, a Filinge, cikin zaman tunawa da kafuwar sarauta

 

Mai martaba Sarkin Kurfey, Allah ya ja zamaninka. 

A rana irin wannan al'ada ita ce a jero sunayen magabata, a tuna da ayyukansu. Masu jawabi sun riga sun sauke wannan nauyi. An ji labarin Mayaƙi Namalaya da yadda sarautar kanto ta kafu a farkon zamanin Faransawa, an kuma ji yadda mahayan Kurfey suka tsaya a 1916 sa'ad da Firhun ya kawo wa Filinge hari. Wannan jawabi zai taɓa wani abu ne da ba shi da tambari ko algaita, amma shi ya fi cin lokacin fada: shari'ar gona da ƙarar ɓarnar dabbobi. Duk wanda ya taɓa zama a zauren nan tsakanin faɗuwar ruwan farko da sakin gonaki ya san cewa kusan kowace safiya da irin waɗannan ƙararraki ake buɗe ta.

In aka tambayi dalili, amsa biyu ake bayarwa, wato yawan jama'a da ƙarancin ruwan sama. Dukansu gaskiya ne. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17, alhali ƙasar noma ba ta haihuwa. Sai dai akwai dalili na uku wanda ba a cika faɗa ba, watakila domin kunya, tunda waɗanda suka jawo shi ba azzalumai ba ne. Mutane ne masu kishin talaka, kuma da niyyar alheri suka zo. Ayyuka biyu na gwamnati, ɗaya domin makiyayi, ɗaya domin manomi, su suka taru suka raba ƙasar nan da wani abu da ta dogara a kansa tun kaka da kakanni, wato hutu.

Kafin a gane haka sai an tuna inda Allah ya ajiye Kurfey. Ƙasa ce da ke kwance bisa Dallol Boso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Isa. Kudancinta na masu hauya ne, arewacinta wajen Abala da Sanam ya buɗe zuwa ƙasar kiwo. A nan manomi da makiyayi suke haɗa kafaɗa, saboda haka duk dokar da aka yi a Yamai domin ɗayansu, ɗayan ma sai ya ji ta a jikinsa.

A tsarin da, jigawa ba a matsa mata. Mutum ya noma wuri ƴan shekaru, in ya ga zangarniya ta fara ƙanƙancewa sai ya bar shi ya zama saura, sabara da geza su rufe shi, dabbobi su kwana a ciki su bar taki, bayan shekaru a dawo a yi sassabe. Wanda ke da fili fiye da ƙarfinsa kuwa yakan ba baƙo ko maƙwabci aro. In kaka ta yi, mai aro ya kai wa mai gona dami ɗaya ko ƴan damma. Wannan dami bai kai kuɗin haya ba, shaida ce kawai da ake sabuntawa kowace shekara a gaban idon gari, cewa ga mai gona, ga wanda aka ara wa.

A arewa kuma rijiya ce ke riƙe da linzami. Wanda ya haƙa rijiya, ko zuriyarsa, shi ke da maganar farko a kanta. Ba a hana mai ƙishirwa ruwa, wannan abin kunya ne a wurin Bafillace da Ba'abzine duka, amma baƙon garke yakan nemi izni, a yanka masa kwanakin da zai yi, sa'an nan ya wuce. Ban da haka ita kanta rijiyar tana da iyaka. Ruwan da sa ko raƙumi zai jawo da wasaki daga safe zuwa dare ba ya shayar da abin da ya wuce kima, don haka yawan dabbobin da ke cin ciyawar kewaye bai taɓa fin ƙarfin igiya ba. Wuraren da ke nesa da ruwa kuwa sukan kwana da ciyawarsu har rani ya wuce, ba wanda ya taɓa.

Da aka sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta dubi wahalar makiyayi ta ga abin tausayi ne. Mutum ya yini yana jan igiya har tafin hannunsa ya tsage, ga kuma ciyawa shimfiɗe a dajin da ba ruwa. Sai aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin gaske, aka ɗora musu injin, ruwa na zuba cikin kwamaye ba dare ba rana, kuma kyauta. A 1963 aka kafa OFEDES domin kula da su. Fanfunan Abalak da Cintabaradan da Tiliya da Tasara, a Azawak ta jahar Tawa da ke maƙwabtaka da arewacin Kurfey, sun yi suna a wannan zamani. A cikin shekarun nan ne kuma aka yi gagarumin rigakafin ciwon bushiya, wanda a da yakan share garke cikin mako guda. Damuna ta yi ta kyau, dabbobi suka yi ta haihuwa, mutuwa ta ragu. Wanda ya ga wannan lokaci ba zai zargi kowa da cewa ya yi murna ba.

Masu tsarin ba su jahilci hatsarin ba. Sun rubuta ƙa'idar yawan dabbobin da kowane fanfo zai ɗauka da lokacin da za a rufe shi domin ciyawa ta farfaɗo. Abin da ba su tanada ba shi ne wanda zai tsaya a bakin kwami ya ce wa mai garke ya isa. Rijiyar gado tana da mai ita, fanfon gwamnati kuwa na kowa ne, kuma ma'aikacin da aka ajiye domin ya tada injin ba shi da fuskar da zai kori mutumin da ya yi tafiyar kwana uku da shanu masu ƙishirwa. Garkuna suka riƙa kwararowa daga ko'ina, suka ninka abin da aka ƙayyade, kewayen fanfo ya zama fako. Mutanen wurin, waɗanda a da ake neman izninsu, suka koma ƴan kallo a ƙasar kakanninsu. Wani masani Bafaranshe, Edmond Bernus, wanda ya daɗe tare da Abzinawan Illabakan, ya rubuta cewa har roƙon hukuma suka yi ta rufe wani fanfo da ke ƙasarsu. Mutanen daji su nemi a ɗauke musu ruwan kyauta, wannan kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa.

Akwai wani abu kuma da fanfo ya jawo wanda ya fi shafar fadar nan kai tsaye. Ranar 26 ga Mayu 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa yankunan Filinge da Tawa da Dakoro da Tanut da Gure har Ngigmi. Arewa da layin an hana buɗe sababbin gonakin damuna, in ban da ɗan abin da makiyayi zai shuka domin bakinsa, kuma in dabba ta ci shukar da ke can babu diyya. Manufar ita ce a kare makiyaya. To amma abin da ya hana manomi zama a arewa tun asali ba doka ba ce, rashin ruwan sha ne a rani. Da hannun dama gwamnati ta ja layi, da na hagu ta kai ruwa bayan layin. Inda ruwa ya zauna kasuwa takan zauna, sai rumfa, sai gida, sai ɗan fili a bayan gida. Cintabaradan da ta fara da fanfo ta zama mazaunin hukuma tun 1964. Ranka ya daɗe, sauran labarin a zauren nan aka yi shi. Mutum ya zo da kuka shanu sun cinye masa hatsi, doka ta ce ba shi da komai, amma wane uba ne zai sallami talakansa hannu wofi? Sai a sasanta, a biya shi wani abu. Daga ranar da aka biya, gonar ta sami shaida, baɗi kuma maƙwabcinsa zai share tasa.

Ita ma gwamnati ta ɗebi rabonta. A 1968 aka killace hekta 110,000 a Ekrafan domin kiwon kamfanin SONERAN, filin da a da garkunan jama'a ke ratsawa. Abin lura a nan shi ne, a tashar Tukunus, inda tun 1954 ake kyautata irin shanun Azawak da suka fitar da sunan ƙasar nan har ƙetare, an raba filin gida-gida, ana kiwo a wani ana hutar da wani. Ashe ilimin hutun ƙasa bai ɓace wa ma'aikata ba, a cikin waya kawai ya tsaya.

Da fari ya kankama daga 1968, ya kai maƙura a 1973, sai ya tarar da dabbobi sun fi na kowane zamani yawa, sun taru a wurare ƙalilan, kuma babu sauran ajiyayyar ciyawa a nesa. Da yawa daga shanun da suka mutu a wannan shekara ba ƙishirwa ta kashe su ba. Yunwa ce ta kashe su, ruwa na zuba a gabansu. Ba daidai ba ne a ce fanfo ya kawo fari, fari daga Allah yake, kuma bincike na baya ya nuna cewa ciyawar Sahel takan dawo in ruwa ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne ikon mai rijiya na cewa a dakata.

Wannan ke nan game da makiyayi. Na manomi ya fi shiga jiki, domin ya raba zumunta.

Tun 1960 aka yi dokar hana karɓar ushira a kan gonaki, a 1962 kuma aka soke gatan da sarakuna ke da shi a kan filayen sarauta. Ba a ɓoye ba, a wurare da dama na ƙasar Nijar an yi amfani da gona an danne talaka, musamman waɗanda asalinsu bai ba su damar gadon ƙasa ba, kuma taron sarauta bai kamata ya zama wurin musun wannan ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya ɗauki maganar ya kai ta ƙarshe. Shi ɗan wannan yanki ne, haifaffen Fandu a Tondikandiya, kuma ɗan gidan sarauta, saboda haka ba daga littafi ya san zancen gona ba. A jawabinsa na 18 ga Disamba 1974 ya shelanta cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Jama'a suka taƙaita zancen da cewa gona ta mai nomanta ce. Ƙasa ta fito daga yunwa, shugaba yana son kowane mai ƙarfin hauya ya san inda zai shuka ba tare da fargabar kora ba. Iyalai da yawa sun sami gindin zama ta wannan magana, kuma har gobe suna yi masa addu'a.

Amma a dubi abin da magana ɗaya ta koya wa mai gona. Wanda ya ba da aro domin Allah, shi ya yi hasara. Wanda ya hana, gonarsa na nan. Darasin bai yi wuyar ɗauka ba. Masu fili suka daina ba da aro, ko su ba da na shekara ɗaya su karɓe, ko su riƙa sauya wa mai aro wuri domin kada ya daɗe har ya kafa hujja. Wanda aka ara wa na shekara ɗaya kuwa ba zai kai taki ba, ba zai bar ɗan gawo ya girma ba, tunda ya san baɗi ba shi ne a wurin ba. Mafi muni, saura ta zama abin tsoro. Filin da aka bari ya huta ana iya cewa ba mai nomansa, don haka mutum ya gwammace ya watsa iri a ko'ina, ko da ba zai iya nome shi ba, domin dai a ga kara a tsaye. Jigawar da ta saba hutawa aka shiga shuka ta shekara bisa shekara, dami ya ragu, sai aka ƙara faɗaɗa gona domin a cike gurbi, aka ci burtali, aka ci bakin tafki. Baƙo da ƙaramin ɗa, waɗanda domin su aka yi maganar, da suka nemi aro suka rasa, ina za su nufa? Sai arewa, bayan layin 1961, inda suka tarar da makiyayin da shi ma fari ya tsiyata ya fara shuka. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne maganar ba ta zama rubutacciyar doka mai sharuɗɗa ba, jawabi ce aka ji a rediyo. Ba ta bambanta aro da jingina ba, ba ta ce komai a kan saura ba. Muddin mai maganar na raye ba wanda ya ɗaga murya. Da ya rasu a Nuwamba 1987, sai tsofaffin ƙararraki suka farka. Wannan ya ce kakansa ya sare dajin, wancan ya ce shugaban ƙasa ya ba ubansa, kuma damin shaida an daina kai shi tun tuni. Kowanensu yana da gaskiyarsa, mai sasantawa ne ke kwana ba barci.

Tsakanin haka farin 1984 ya zo, shekarar da jama'a suka laƙaba wa El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Makiyaya suka sayar da shanu a wulaƙance, ƴan kasuwa da ma'aikata da manoma masu hali suka saye. Manomin da ya mallaki dabbobi ba ya bukatar Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi domin taki, kuma karan da a da ake bar wa garke sai ya kwashe ya ɗora bisa rumfa ko ya kai kasuwa. Tsohuwar musayar nono da hatsi, taki da ruwa, ta yi rauni. Inda ba a cin moriyar juna ƙaramar ɓarna takan zama babbar fitina, kuma ƙasa duka ta ga iyakar abin a Toda, cikin jahar Maraɗi, a Oktoba 1991, inda aka hallaka fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yara.

Daga baya hukuma ta waiwayo. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, daidai da ta takarda, ya kuma kafa kwamitocin kula da filaye, inda sarakuna da masu gari ke zaune tare da wakilan manoma da makiyaya. Ya ba makiyayi fifiko a mazauninsa na asali, ba tare da ya hana wasu ruwa ba, wanda in an duba shi ne matsayin mai rijiya na da aka sake ɗinka masa riga. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da layin 1961, ta kuma ce yawon kiwo haƙƙi ne. Shi ma wannan gyara bai zo ba tare da ƙura ba, domin tun da aka ji ana shirin rubuta filaye kowa ya tashi neman abin da zai rubuta, ƙararraki suka ƙaru kafin su ragu. Amma a cikinsa akwai abu ɗaya da ya dace dattawan Kurfey su riƙe da kyau, wato takardar aro. Mai gona da mai aro su je gaban mai gari da shaidu, a rubuta cewa wannan fili aro ne, na shekara kaza, kowa ya riƙe kofinsa. Aikin da dami ke yi a da, shi takardar ke yi. Mai fili ya ba da aro hankalinsa kwance, mai aro ya san shekarunsa har ya yarda ya kai taki, wanda kuma ya ga jigawarsa ta gaji ya iya barinta ta yi sabara ba tare da ya kwana da ido ɗaya ba.

Bukatar hakan ta ƙaru tun daga 2012, lokacin da rikicin Mali ya turo ƴan gudun hijira Abala, rashin tsaro kuma ya biyo baya ya hana garkuna da manoma isa wurare da yawa na arewa. Jama'a da dabbobi suka matso cikin Dallol, kuma mafi yawan waɗanda suka bar garuruwansu ba abin da suke nema wurin ƴan'uwa sai gonar aro. In tsoron 1974 bai fita daga zukatan masu fili ba, za a rufe musu ƙofa. In kuma an ba su da baki kawai, jikoki za su gaji shari'ar.

Ranka ya daɗe, dattawan da suka san wace gona ce gado, wace ce aro, wace ce jingina kafin 1974, waɗanda suka ga inda burtali ya bi tun ba a shuka shi ba, ƙanƙaninsu a yau ya haura shekara 70. Wasunsu suna zaune a wannan rumfa. Roƙon da ake yi shi ne fada ta sa masu gari su zauna da su tare da kwamitocin filaye, gari bayan gari, a ɗauki abin da ke bakinsu a rubuta, a fara da ƙauyukan da burtali ya ratsa, kafin shuka mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabata, ya zaunar da Kurfey da Nijar lafiya, ya ba da damuna mai albarka.